Man Shanu a Jijiyar Kitika

Ana idar da sallar asuba muka bar Sabon Birni, gari bai gama wayewa ba. Tun da na dawo kuke damuna da tambayar abin da ya tsare ni a Isa har aka fara cewa ruwa ya tafi da mu. To ga labarin daga farkonsa, kowa ya ji, ni ma in huta da maimaitawa.

Ni dai fata ce ta fitar da ni. Ina da ɗaurin fatun jar akuya da nake so in kai wa wakilin kamfani a Isa kafin hukumar En'e ta rufe hanya, don ruwan shuka ya riga ya sauka, kuma kun san da zarar damina ta zauna babu motar da ke bin hanyar nan sai kaka. Abin da ya rage a tasha shi ne tsohuwar kitikar nan, 'yar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, da wani Bature ya gaji da ita tun kafin yaƙi, ta yi ta bin hannu har ta faɗo wurin direbanmu. Gajeren mutum ne mai saurin fushi, amma ya san motarsa. Karen motarsa ya gudu gona shuka bai ko yi sallama ba, saboda haka ni da na biya kuɗin mota ni na murɗa ƙarfen tayar da inji, ina murɗawa ana yi mini faɗa wai ban iya ba.

Mu biyar ne har da direba. Akwai wani dogon Ba'adare da ya shigo da kanwa daga ƙasar Faransi ta wajen Burkusuma, wanda kowace mota a bakinsa kamiyo ce. Sai wani tsohon Bafillace da ɗansa, waɗanda suka iso tasha a kan jaki tun da yamma suka kwana a nan. Ɗan magidanci ne, shi ke kiwon garken gidansu, don tsohon ya daɗe da ajiye sanda. Bijimi ne ya soke shi a ƙasan gwiwa kwanakin baya. An yi na gida, an ɗaura sassaƙe, ƙafar ta ƙi, ta kumbura har ta yi sheƙi. Ni sana'ata fata ce, hancina ya san nama in ya fara juyawa. Ana ɗora shi a bayan mota na ji abin da na ji, na kwance ɗaurina na shimfiɗa masa fatu ya kwanta a kai.

Abin da ya sa suke sauri shi ne akwai likita Bature da ke rangadi, ya sauka a Isa, kuma ran nan da la'asar zai tashi zuwa Gusau. In ya tafi ba mai sake ganinsa sai bayan damina. Ba wanda ya faɗa a fili, amma dukanmu mun san in ba mu tarar da likitan nan ba, gawa za mu komo da ita.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Ruwan da aka yi ya danne rairayi, mota na tafiya ba tare da an sauka turi ba. Dama da hagu mutane ne a gona, maigida na gaba da sungumi yana sara, iyali na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ba mai ɗaga kai ya kalli mota, abin da da rani sai ka ga ƙauye guda ya fito bakin hanya. Ba'adaren nan ya yi ta ba mu labarin yadda hanyar Faransi ta fi tamu, har direba ya leƙo ya ce masa in haka ne ya sauka ya bi ta.

Kafin mu kai Gatawa wani jaki ya faɗo hanya. Direba ya taka birki, sai muka ji wani gurnani daga ƙarƙashin mota, tana ta tafiya kamar ba a yi mata magana ba, sai da ta kusa shafar wutsiyar jakin sannan ta tsaya. Mai ciwon ya gangaro ya bugi buhun kanwa, ya yi wata ƙara da har yau ina jin ta.

Bari in gaya muku yadda birkin motar nan yake, don a kansa labarin ya rataya. Ba irin na sababbin motoci ba ne. Wayoyin ƙarfe ne suka taso daga wurin takawa suka tafi ƙafafun mota, kowace waya tana cikin kubenta, bakin kuben a buɗe. In an taka, wayar ta zame a cikin kube ta ja birki. In an ɗaga ƙafa, sifirin ya mayar da ita. Muddin akwai mai a cikin kuben, lafiya lau. In ya bushe, tsatsa ta kama, sai wayar ta riƙa gogar kube tana cin kanta, sili na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

A Gatawa muka tsaya da hantsi, gindin wata bishiya kusa da masu fura. Direba ya shige ƙarƙashin mota, ya jima, ya fito yana kaɗe riga.

"Jijiyag ga ta bushe ƙamas," ya ce. "In ba ta sha mai ba, tsinkewa za ta yi, ga gangaren gulbi gabanmu."

Haka yake kiran wayoyin, jijiya. Ya buɗe akwatin kayan aiki don ya ɗauko gwangwanin baƙin mai, babu shi, karen mota ya san inda ya kai shi. Na ce ya ɗiba daga inji mana. Ya harare ni, ya ce injin da ke shan mai kamar fura, wanda ya rage a ciki da ƙyar zai kai mu Isa, ko ɗigo ba zai taɓa ba. Ya ce akwai sansanin leburorin hanya a bayan gari, bari ya je ko za a dace. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Tsohon ya matso kusa da ni, ya tambaye ni a hankali ko mota ma tana da jijiya. Na yi dariya na ce ai ga shi ya ji daga bakin mai ita. Na wuce wurin masu fura. Furar Gatawa ta yi tsada bana, dunƙulen kwabo ya koma kamar ƙwan kurciya, wai gero ya hau saboda iri. Ƙwan zabi kuwa ya fara fitowa, yana araha, na sayi dafaffe na zuba a aljihu. Na dama fura na kai wa mai ciwon, ya kurɓi kaɗan ya kau da kai. Jikinsa zafi rau.

A nan na lura da ƙafafun tsohon sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Na duƙa. Yana kwance rigingine da ɗan ƙoƙon man shanu a kan ƙirji, man da ya taho da shi don ya gaishe da likita. Zafin rana ya narkar da shi. Ya tsaga karan dawa ya yi ɗan mazurari, yana tsiyaya man a bakin kuben, sannan ya bi wayar da yatsu yana murzawa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa da Fillanci yadda ake yi wa saniyar da ta gurɗe. Ba'adare na zaune a kujerar direba yana taka masa birki yana saki don man ya shige. Wayoyin baya duka biyu sun sha sun ƙoshi. Gaskiya ni a lokacin dabarar ta burge ni. Mu duka ukun a ganinmu mai ai mai ne, kuma jijiyar da ta bushe kowa ya san maganinta.

Direba ya dawo hannu wofi, leburori duk sun tafi shuka. Bai kai ga mota ba ya tsaya yana shinshina.

"Wa yat taɓa min mota?"

"Ni na, ɗana," in ji tsohon. "Kac ce jijiya ta bushe."

Direba ya shiga ya taka birki. Laushi kamar sabuwa, ba gurnani ba ƙara. Tsohon ya yi murmushi, karon farko da na ga haƙoransa tun safe. Amma direba ya sauko fuska a murtuke. Ya ce man shanu a rana ruwa ne, amma bari ruwan sanyi ya taɓa shi ya ga yadda zai daskare a cikin kube. Ya ce kuma duk rairayin da ke tsakanin nan da gulbi sai ya manne a jikin wayar ya bi ta ciki. Na tambaya ko ba a iya gogewa. Ya ce na waje a goge, na ciki fa? Sai an kwance wayoyin gaba ɗaya an wanke da kananzir, aikin da zai kai mu faɗuwar rana, likita kuwa ya yi nisa. Sannan ya juya ga tsohon.

"Baffa, mota ba saniya ta ba. In ɗanka bai kai ba, kai kaj jawo."

Maganar ta yi nauyi, har mai furar da ke kusa ta sunkuyar da kai. Tsohon ya miƙe. Ya rufe ƙoƙonsa da faifai, ya hau baya, ya ɗora kan ɗansa a cinya.

Daga Gatawa ba wanda ya sake yin raha. Direba ya daina taɓa birki sam, da giya yake rage gudu, in ya hango rami sai ya kauce ta cikin gonar mutane ana ɗaga masa sungumi. A kanmu rana ce tsaf, amma can gabas ta kudu sama ta yi baƙi ƙirin, ana walƙiya ba a jin tsawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ma'anar wannan. Ruwan da aka yi a can, ta gulbinmu zai biyo. Mai ciwon ya fara sambatu, yana kiran shanu da sunayensu. Ni kuwa ƙwan zabin da ke aljihuna ko tunawa da shi ban yi ba.

Bayan azahar muka iso bakin gulbi. Ga wanda bai san wurin ba, faɗin rairayi ne mai yawa, ruwa ya rabu biyu ya bar tudun yashi a tsakiya. Gangaren shiga kuwa a tsaye yake, an yanka shi cikin gaɓa. A nan dole a taka birki. Direba ya yi bisimilla ya taka, mota ta sauka a hankali, birki ya riƙe ta gam har ƙasa. Na ji Ba'adare ya sauke numfashi. Muka shiga reshen farko, ruwa ja, iya gwiwa. Ya fantso mini a hannu, sanyi kamar na randa. Na dubi direba ta tagar baya, na ga shi ma ya ji.

Da muka hau tudun tsakiya ya so ya bar mota ta tsaya da kanta, amma tudun ya karkata zuwa reshe na biyu, tana ta silalewa, kuma ba mai hankalin da zai faɗa ruwan da bai auna ba. Ya taka birki. Ba'adare ya naɗe wando ya shiga, da yake shi ne dogonmu, ruwa ya kai masa cinya a wuri mafi zurfi, ƙasa kuma da ƙarfi. Ya ɗaga hannu a taho. Direba ya sa giya ya ba ta wuta. Mota ta yi nishi, ta girgiza, ta mutu a inda take. Na sauka na murɗa, ta tashi, ya sake gwadawa, ta sake mutuwa. Ƙafafun baya sun kame. Wayoyin sun ja birki sun ƙi komawa.

Wani manomi a gaɓar can ya ajiye sungumi yana ɗaga mana hannu, yana nuna sama da gulbi. Ban ji abin da yake faɗa ba, amma ban bukaci ji ba. Sawun da Ba'adare ya bari a bakin ruwa ya riga ya shafe. Kumfa ta fara wucewa, da kara, da wata fasasshiyar ƙwarya tana juyi. Ku da kuka san ni kun san ban iya iyo ba, ko rijiya ba na leƙawa.

Direba ya ce a fara tsallakar da mai ciwo. Muka zare ƙyauren bayan mota, muka kwantar da shi a kai da fatun da ke ƙarƙashinsa. Manomin nan, Allah ya saka masa, ya shigo ruwa ya tarye mu. Mu huɗu muka ɗauka a kafaɗa, ni da tsohon a baya. Inda ya kai wa Ba'adare cinya ɗazu, yanzu ni ya kai mini ƙugu. Yashi na zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafata, ruwa na tura ni gefe, ƙyauren na cin kafaɗata. Ban kalli ruwa ba, ƙeyar Ba'adare na kafa wa ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Muka kwantar da shi a inuwa a gaɓar can.

Na tambayi manomin ko za a samu jaki ko raƙumi. Ya ce ko an samu, mai wannan ciwo ba zai zaunu a kai ba, kuma a ƙafa sai magariba mu shiga Isa. Ba mota, ba likita. Ina cikin wannan tunani sai na ga tsohon ya riga ya koma cikin ruwa, Ba'adare na biye. Raina ya ce in zauna in yi jinya, ai wani ya kamata ya tsaya da mai ciwo. Manomin ya ce shi zai tsaya. Kunya ce ta mayar da ni cikin gulbin nan, ba jarunta ba.

Muka tarar direba ya kwance ƙasan lagireto, tankin ruwan inji, yana tarar ruwan zafi a buta. Ya shiga ƙarƙashi yana kwarara shi a jikin kuben dama, daga baki zuwa baki, Ba'adare na dukan hannun birkin da ke jikin ƙafar mota da guduma a hankali. Ana cikin buta ta biyu muka ji ƙas, wayar ta koma, wani farin kitse mai yashi ya fito a bakin kube. Muka koma hagu. Aka zuba abin da ya rage, aka buga, aka girgiza, ko motsi. Ruwan zafi ya ƙare. Tudun da muka tsaya a kai kuwa ya rage kamar faɗin zaure, ruwa na lasar tayoyi.

Direba ya ce saura hanya ɗaya, a cire ƙusar da ta haɗa wayar da birkin ƙafar, a bar wannan ƙafa ba birki. Ƙusar ta yi tsatsa, ga ta can ciki inda sai an kwanta. Ya kwanta rigingine da guduma da wani ɗan ƙarfe, ya fara bugu. Ruwa ya shigo ƙarƙashin mota, ya jiƙa masa baya, ya kai kafaɗa, ya kai kunne. In ya ɗaga kai don ya yi numfashi sai hannunsa ya kauce. Ba wanda ya ce wa tsohon komai. Ya durƙusa cikin ruwa, ya rarrafa, ya sa tafukansa biyu ƙarƙashin ƙeyar direba ya tallafe. Haka suka zauna, wannan na bugu, wancan na riƙe da kansa, ni ina riƙe da rigar tsohon ta baya don kada ruwa ya ja shi. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san rana ta karkata, kuma na ga wani reshen itace ya wuce ta inda muka tsaya ɗazu da busasshiyar ƙafa.

Ƙusar ta fita. Direba ya bugi hannun birkin ya koma, ya fito yana tari yana tofar da jan ruwa. Muka cika lagireto da ruwan gulbi, laka da komai. Na kama ƙarfen murɗawa, ruwa iya gwiwata, na murɗa ta ƙi, na sake ta ƙi. Wannan karon ba wanda ya ce ban iya ba. Da ta kama, mu uku muka sa kafaɗa a baya, direba ya shiga reshe na biyu a karkace yana bin ruwa. Ruwa ya hau bodi ya shiga buhunan kanwa, wani farin ruwa ya riƙa bin bayanmu. A tsakiya ta yi kamar za ta tsaya, na ji ƙafafuna sun bar ƙasa ina rataye da katako, sannan tayoyi suka kama ta hau. Da muka fito Ba'adare ya dubi buhunansa da suka lotse, ya ce shanun da ke ƙasa da nan yau sun sha kanwa kyauta. Ba wanda ya iya dariya, shi ma bai yi ba.

La'asar ta wuce lokacin da muka ɗora mai ciwo muka kama hanya. Ya daina sambatu, abin da ya fi tsorata ni. Direba ya yi gudun da ban taɓa sanin kitikar nan na da shi ba, da birkin da ke jan mota gefe guda in an taɓa shi. Muna shiga Isa muka nufi bariki, muka hango motar likita a ƙofa, an gama ɗaure kaya, inji na aiki. Direba ya gicciya kitika a gabanta, ya tsayar da ita da tulin yashin da ke gefen hanya.

Likitan dogo ne mai jan wuya, da alama bai ji daɗin yadda aka tare shi ba, amma da malamin asibitin da ke masa tafinta ya yi masa bayani sai ya sauko. Aka kwance ƙafar. Ya duba, ya latsa sama da gwiwa, ya yi allura, ya yi magana gajeriya. Malamin ya juyo ya ce za su tafi da shi Gusau yanzu. Ya ce rai, in Allah ya so, za a samu. Ƙafa kuwa an makara, sai dai a cire ta.

An makara. Ni na ɗauka kwanakin da aka yi ana ɗaura sassaƙe ake nufi. Amma tsohon bai dubi likita ba, bai dubi malamin ba, direba kawai ya zuba wa ido. Direba ya sunkuya yana matse rigarsa.

Motar likita ba wuri, malamin ma a kan akwati zai zauna, saboda haka tsohon bai samu bi ba. Da ake ɗaga ɗan ya buɗe ido ya yi wa ubansa magana da Fillanci. Kalma ɗaya na tsinta, na'i, wato shanu. Suka tafi, muka tsaya muna kallon bayan mota har ta sha kwana.

Gulbi ya cika ya tsare mu a Isa kwanaki. Garin na da daɗin zama in hankalinka a kwance yake. Sabon ruwa ya kawo kifi, tarwaɗa har ana roƙonka ka saya, ga tuwon dawa da miyar kuka a gidan da muka sauka. Wakilin kamfani ya ware fatun da suka jiƙe ya karya musu daraja, ni da aka sani da ja-in-ja ban ko tanka ba. Tsohon kuwa ba ya cin abinci sai an matsa masa. Yana zaune gindin tsamiyar da aka ajiye kitika, daga safe har yamma.

Direba ya samo baƙin mai wurin wata babbar mota da ta shigo ta wajen Kamarawa, ya sayi kananzir a kasuwa. Ya kwance wayoyin baya ya rataye su a reshen tsamiya, baki sama. Ya roƙi gefen fata a wurina, ya naɗa ta a bakin kube kamar mazurari ya ɗaure da zare. Ya fara zuba kananzir, yana jan wayar sama yana mayarwa, har ruwan ya bi ta ciki ya fito ta ƙasa. Ya ce sai abin da ke fita ya yi fari tas sannan a zuba baƙin mai, shi ma a yi ta ja ana saki har ya ɗigo ta ƙasa, sannan a goge wajen wayar ƙaƙas don kada ta kwashi yashi. Aikin na son mai riƙe ƙasan kube. Ban kai ga tashi ba tsohon ya riga ya kama.

Abin da ya fara fitowa a tafinsa baƙin kitse ne mai tsakuwa-tsakuwa. Ya murza shi da yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, gaya min gaskiya don Allah," ya ce. "Man ga nawa, shi yac ci ƙahwatai?"

Direba ya matso kusa da shi. Ya zaro wayar daga kube, ya nemi wani wuri kusa da baki inda silin ƙarfe suka tsintsinke suka yi tsaye, ya kamo yatsan tsohon ya ɗora a kai.

"Taɓa nan, Baffa. Ka ji? Da a bushe munka sauka gangaren gulbi, nan za ta tsinke, mu dut mu tahi ƙasa da ka. Manka shi yas sauke mu lahiya. Maganad da niy yi Gatawa, ka yahe min."

Tsohon ya shafa wurin, ya sake shafawa. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Amma ran nan ya ci tuwo.

Da muka keɓe na tambayi direba ko da gaske wayar za ta tsinke. Ya ce Allah kaɗai ya sani, wata waya ta fi wannan lalacewa ta yi shekara, wata ba ta kai ta ba ta tsinke a fili. Ya ce amma shi da motarsa gobe sun manta, tsohon ne zai kwana da abin har ƙarshen ransa.

Ruwa ya janye muka juyo. Gulbin da ya kusa cinye mu ya koma iya idon sawu, mata na wanki a bakinsa. Gero ya tsiro a gonakin da muka bari ana shukawa. Ba'adare ya tsaya a Isa, saboda haka mu uku ne, birki na kamawa shiru ba gardama. Muka shigo Sabon Birni da yamma.

A tasha akwai wata matashiyar Bafillata da goyo, masu abinci suka ce kullum tana nan tun ranar da muka tafi. Matar mai ciwon ce. Ta taso tun mota ba ta tsaya ba. Ta ga surukinta ya sauko, ta leƙa bayansa, ta ga ni, ta ga bayan mota wayam, ta sake leƙawa. Al'adarsu ba ta bari ta tambaye shi, shi ma ba ta bari ya dube ta. Ni na ce mata yana da rai, yana Gusau. Sauran maganar na bar wa tsohon, na ɗauki tabarmata na yi gida, ban waiwaya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mai tsohuwar mota ya shayar da wayoyinta baƙin mai tun yana gida, kada ya bari sai a hanya. In za ka yi magana gaban mutumin da hankalinsa ya tashi, kira abu da sunansa, don duk abin da ya ji zai tashi ya yi da iyakar abin da ya sani. In kuma fushi ya sa ka ɗora wa mutum abin da ba zai iya ɗauka ba, ka koma ka sauke masa tun kuna tare.

Labari ya zo daga Gusau cewa an yi aikin, yana samun sauƙi, sai kaka zai dawo in hanya ta buɗe. Shekaranjiya na fita ƙauye sayen fata ta hanyar Burkusuma, na hango garke na gangarawa fadama. Wanda ke bayansu yana tafiya a hankali, yana tsayawa yana dafa ƙugu, shanun na yi masa nisa. Sai da na matsa na gane tsohon ne. Na yi masa sallama, ya amsa bai tsaya ba, ya ce in yi haƙuri, ba su saba da muryarsa ba tukuna.